Takardar tambayoyi, hira ko alƙaluman kamfanoni: wace hanya za ka bi a kundin digiri na biyu kan kasuwanci?

Darasin dabarun bincike yakan zo ne tun ana tsakiyar karatun aji a digiri na biyu, wato MBA da MSc, kuma yawancin ɗalibai suna ɗaukarsa kamar sauran darussa: a haddace ma'anoni, a ci jarrabawa, a wuce. Sai an zo rubuta babi na uku na kundi ake gane cewa duk cikin darussan nan shi ne zai biyo mutum har ɗakin kare aiki. A babin nan ne ɗalibi zai faɗi inda zai samo bayanansa, daga bakin su wa, mutum nawa, da yadda zai tace abin da ya samo. Abin da ya rubuta a wurin kuwa shi zai yanke masa ko wata shida zai yi a kan aikin ko shekara biyu.

A sassan nazarin kasuwanci na jami'o'inmu, daga Makarantar Kasuwanci ta Dangote da ke Jami'ar Bayero zuwa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, hanyoyi uku ne ɗalibi ya fi samu a gabansa. Ko dai ya raba takardar tambayoyi ga ɗaruruwan mutane ya mayar da amsoshinsu lambobi, ko ya ɗauko alƙaluman da kamfanoni da hukumomi suka riga suka wallafa, ko kuma ya zauna da mutane kaɗan ya yi hira mai zurfi da su. Littattafan darasin sukan fara da falsafar ilimi, kuma ba laifi a san ta, don za a iya tambayarka a wajen kare aiki. Amma a zahiri abin da ke raba gardama shi ne irin tambayar da kake yi, da ko bayanan za su samu a hannunka, da abin da malamin da ke duba aikinka ya ƙware a kai.

Ɗauki batun bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa, wanda ɗalibai ke rububinsa tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012. Idan kana son sanin abin da ke sa ƙananan 'yan kasuwa buɗe asusu a irin wannan banki, da wane dalili ya fi wane nauyi, takardar tambayoyi ce hanyarka. Idan abin da ya dame ka shi ne yadda dillalin hatsi a Dawanau ke zaɓa tsakanin murabahar banki, inda banki ke sayen kaya ya sayar masa da riba ya biya daga baya, da bashin maigidansa, to sai ka je ka zauna da shi. Idan kuwa ribar waɗannan bankuna kake son gwadawa da ta sauran, rahotannin shekara za ka nema, kuma nan take za ka ga matsala: TAJBank sai 2019 ya zo, Lotus kuma 2021, don haka shekarun da za ka jera ba su da yawa. Batu ɗaya ne, amma tambaya uku, kuma kowace da hanyarta. Ɗalibin da ya fara zaɓar manhajar lissafi kafin ya tsayar da tambayarsa zai yi ta jan tambayar har ta dace da manhajar, kuma masu jarrabawa suna gane hakan.

Takardar tambayoyi

Ita ce aka fi bi, kuma ita ake ɗauka mafi sauƙi. Ni dai a ganina ita ta fi saurin haifar da kundi mai kyawun tebura wanda babu komai a cikinsa.

Amfaninta a fili yake. Ita kaɗai ce za ta auna abin da ke cikin zukatan mutane da yawa a lokaci guda: gamsuwar ma'aikata, amincewar kwastoma, niyyar ɗalibi ta kafa sana'a bayan kammala karatu. Ba sai ka ƙirƙiro tambayoyi ba, domin kusan kowane abu da ake aunawa a fannin yana da ma'aunin da wasu suka gina suka gwada. Matakan amsa biyar ɗin nan, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "sam ban yarda ba", tun 1932 Rensis Likert ya fito da su. Kwamitin kare aiki ya saba da tsarin, ya san abin da zai tambaya, kai ma za ka iya sanin abin da za ka amsa.

Wahalar tana farawa ne daga adadin mutane. Kusan kowane kundi yana jingina da jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, wanda ya ce idan jama'arka 100 ne ka ɗauki 80, idan 1,000 ne ka ɗauki 278, idan 10,000 ne 370, kuma komai yawansu ba za ka wuce 384 ba. Wasu kuma ƙa'idar Taro Yamane ta 1967 suke bi, wadda ke ba da 286 daga cikin 1,000. Lissafin duka daidai ne, sai dai yana da sharaɗin da ba kasafai ake ambata ba: sai kana da cikakken jerin sunayen jama'ar, ka zaɓo daga ciki ta hanyar ƙuri'a, yadda kowa na da damar faɗowa. Idan ma'aikatan wani banki ne ko malaman wata kwaleji, jerin yana nan a ofishin kula da ma'aikata. Idan 'yan kasuwar Kantin Kwari ne fa? Mai shago yana nan, mai tebur yana nan, yaron shago da ke sayar da nasa kayan a gefe yana nan, ga dillalin da ba shi da wurin zama ko ɗaya. Rajistar ƙungiyar kasuwa ba ta ɗauke su duka ba, ta hukumar rajistar kamfanoni kuwa ba a ma maganarta. Abin da ke faruwa shi ne ɗalibi ya raba wa wanda ya samu da wanda ya yarda, sannan ya rubuta cewa ya yi zaɓen ƙuri'a. Gara ka faɗi gaskiyar yadda ka zaɓo mutanenka, ka kuma taƙaita iƙirarinka a kansu. Malamin jarrabawa na waje zai karɓi wannan, amma ba zai karɓi ƙuri'ar da ba ta da jeri ba.

Sai kuma amsar kanta. Ɗan kasuwar da ka yi wa sallama, ya ba ka benci, ya aika a sayo maka ruwa, da wuya ya dube ka ya ce sam bai yarda da maganarka ba. Kara za ta sa ya yi ta cewa "haka ne". Idan ka shigar da irin waɗannan amsoshi a kwamfuta, ma'aunin daidaito na Cronbach zai haye 0.7 ɗin da ake nema har ya yi nisa, ka yi murna, alhali ladabi ka auna ba ra'ayi ba. Maganinsa shi ne a juya wasu tambayoyin ta yadda "na yarda" za ta zama suka, a ga ko mai amsa yana saurare. Idan za a mayar da tambayoyin Hausa, kuma ga 'yan kasuwa dole ne a mayar, to mutum ɗaya ya fassara, wani daban da bai ga na asali ba ya sake mayarwa Turanci, a gwada biyun. Sannan a jarraba takardar a kan mutum talatin ko makamancin haka kafin a buga ɗaruruwa.

Tambayar riba ita ce mafi tsauri. Ka tambayi mai shago nawa yake samu a wata, amsar ita ce "Alhamdu lillahi", kuma yana da hujja, don bai san ko daga ofishin haraji aka turo ka ba. Saboda haka ɗalibai da yawa sukan koma tambayar mutum ko yana ganin kasuwancinsa na bunƙasa, ya zaɓa daga ɗaya zuwa biyar. To amma idan mutum ɗaya ne, a zama ɗaya, ya gaya maka cewa yana da ƙwazon kasuwanci kuma kasuwarsa na tafiya, dangantakar da za ka gani tsakanin biyun na iya zama daga halinsa na ganin alheri kawai. Wannan aibi sananne ne a fannin, kuma masu jarrabawa sun fara tambaya a kansa. Wani bincike da de Mel da McKenzie da Woodruff suka yi kan ƙananan 'yan kasuwa a Siri Lanka, wanda aka wallafa a 2009, ya nuna cewa tambayar riba kai tsaye ta fi ba da amsa ta kusa da gaskiya a kan a tambayi ciniki da kashe-kashe ɗaya bayan ɗaya sannan a ɗebe. Wanda zai shiga kasuwa da takarda ya kamata ya san wannan.

Manhajojin cike tambayoyi a waya irin su Google Forms da KoboToolbox sun rage kuɗin buga takarda da wahalar shigar da amsoshi, KoboToolbox ma yana aiki a waya ko babu intanet. Sai dai idan ka watsa mahaɗin a zaurukan WhatsApp, waɗanda za su amsa abokanka ne da abokan abokanka, masu boko da babbar waya. Ga bincike kan ma'aikatan ofis, ba laifi. Ga bincike kan 'yan Singa ko 'yan Ƙofar Wambai, sai ka taka da ƙafarka, ka shiga ta hannun shugabannin layi, kuma kada ka je Kwari a goman ƙarshe na azumi kana neman wanda zai ba ka minti ashirin.

Akwai abin da kowa ya sani ba a cika faɗa ba: idan takardu suka ƙi dawowa kuma lokaci ya ƙure, wasu sukan zauna a ɗaki su cike sauran da kansu. Ban da kasancewarsa ha'inci, yana barin sawu. Amsoshin mutum ɗaya da ke kwaikwayon mutum ɗari suna kama da juna fiye da kima, kuma wanda ya saba duba bayanai zai gani.

Alƙaluman da aka riga aka wallafa

Ga mai karatun akanta ko harkar kuɗi da banki, wannan ce hanya mafi kwanciyar hankali, kuma ita na fi ba ma'aikacin da ke karatun ƙarshen mako shawara a kai, muddin tambayarsa ta yarda. Ba ka roƙon kowa. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya, wadda ta koma NGX a 2021, wajibi ne su fitar da rahoton shekara da aka tantance, kuma rahotannin suna shafukansu da na kasuwar kyauta. Babban Bankin Najeriya yana fitar da kundin alƙaluma na shekara-shekara, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana da nata, cibiyar EFInA kuma tana binciken yadda jama'a ke amfani da hidimomin kuɗi tun 2008. Za ka iya yin aikin da dare bayan an tashi daga ofis, kuma duk wanda ya yi shakkar lambarka zai iya buɗe rahoton ya duba. Wannan kariya ce babba a ranar kare aiki.

Tsarin da aka saba shi ne a jera kamfanoni a jera shekaru: bankuna 12 na shekara 10, alal misali, sun ba ka layi 120. Daga nan ka auna ko girman hukumar daraktoci, ko yawan bashi, ko ingancin mai binciken kuɗi yana da alaƙa da riba. Lissafin ya fi na takardar tambayoyi nauyi. Dole ka fahimci dalilin da ya sa ake ware halin kowane kamfani na kansa, ka san abin da gwajin Hausman na 1978 yake rabawa, ka iya bayaninsa da bakinka ba tare da kallon takarda ba.

Tarkon wannan hanya shi ne ɗauka cewa lamba ta bana da ta shekara goma baya abu ɗaya suke aunawa. Kamfanonin kasuwar hannun jari sun koma tsarin rahoton kuɗi na duniya, IFRS, a 2012, don haka wanda ya haɗa 2009 da 2015 a tebur ɗaya ya haɗa ma'auni biyu. A 2018 ƙa'idar IFRS 9 ta sauya yadda bankuna ke lissafin bashin da ake tsoron ba zai dawo ba. Wanda ya koma baya sosai zai ci karo da garambawul ɗin 2005, lokacin da aka ɗaga jarin banki daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, bankuna suka ragu daga 89 zuwa 25. Bankin Diamond ya narke cikin Access a 2019. Idan ka ɗauki bankunan da ke raye a yau kaɗai ka bi su baya, ka zubar da waɗanda suka sha wahala ke nan, sakamakonka zai fi gaskiya kyau. Kamfanin simintin Sakkwato ya haɗe da na Obu suka zama BUA Cement, wanda ya shiga kasuwar a farkon 2020, saboda haka jerin shekarunsa ya yanke a tsakiya.

Shekarar 2023 kuwa sai an yi mata zama na musamman. Bayan sakin darajar naira a watan Yuni, manyan kamfanoni irin su MTN Nigeria da Nestlé Nigeria sun bayyana asara saboda bashin da ke kansu na kuɗin waje, har jarin masu hannun jarinsu ya faɗa ƙasa da sifili. Ka raba asara da jarin da ke ƙasa da sifili, kwamfuta za ta ba ka lamba mai kyau kamar an ci riba. Ɗalibin da bai buɗe rahoton ya karanta ba, ya dai kwashi lambobi ya zuba, ba zai taɓa lura ba. Alƙaluman gwamnati ma haka: rashin aikin yi ya sauko daga kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020 ya koma 4.1 a farkon 2023, ba don an samu ayyuka ba, sai don hukumar ta sauya ma'anar wanda ake kira mai aiki.

Babbar illar hanyar a wurina ba ta lissafi ba ce. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ba su kai ɗari biyu ba, kuma mafi yawansu a Legas suke da hedikwata. Binciken hukumar raya ƙananan sana'o'i ta SMEDAN da Hukumar Ƙididdiga na 2017 ya ƙirga ƙanana da matsakaitan sana'o'i sama da miliyan 41 a ƙasar nan. Masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa galibi na iyali ne, ba sa wallafa komai. Wato wanda ya zaɓi wannan hanya ya yarda ke nan zai yi rubutu kan Najeriyar da ke da rahoton shekara, ya bar wadda yake sayen shinkafa a cikinta. Ga kuma cunkoso: bankunan nan da kamfanonin kayan masarufi an juya su an sake juyawa, har ya zama da wuya ka kawo take a sashe a ce ba a taɓa yi ba.

Hira mai zurfi

Ita ce aka fi gudu, kuma ita ce ta fi dacewa da tambayoyin da suka fi muhimmanci a kasuwancin Arewa. Yaya ake yaye yaron shago, kuma me ke sa wani ya tsaya da ƙafarsa wani ya rushe? Me ke faruwa da dukiyar babban ɗan kasuwa bayan an raba gado, har shagon da ya yi shekara arba'in ya watse cikin biyu? Yaya ake ba da kayan miliyoyi bashi da baki, babu takarda, kuma a biya? Yaya 'yan kasuwa suka yi da ƙarancin takardun naira a farkon 2023? Babu ma'aunin da aka gina a Amurka ko Malesiya da zai kamo waɗannan, domin ba ka ma san abubuwan da za ka auna ba sai ka ji daga bakin masu yi. Ɗaya daga cikin ayyukan da har yau ake komawa gare su kan kasuwancin Hausawa, wanda Abner Cohen ya yi kan fataucin shanu da goro a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, da zama da mutane aka yi shi. A nan ne ya bayyana yadda maigida ke saukar da baƙon falke, ya tsaya masa a kan bashi, ya zama shi ne amanar da ke riƙe da cinikin gaba ɗaya.

Tambayar farko da za a yi maka ita ce mutum nawa. Amsar fannin ita ce ka ci gaba har sai sabuwar hira ta daina kawo sabon abu. Akwai binciken da Guest da Bunce da Johnson suka wallafa a 2006, wanda suka gina kan hira 60 da mata a Gana da Najeriya, suka ga cewa kusan duk manyan jigogin sun riga sun fito a cikin hira 12 na farko. Ana yawan kafa hujja da shi, amma a tuna mutanensu masu kama da juna ne kuma tambayarsu a tsuke take. Idan za ka ji daga iyayen gida da yaransu da dillalai, kowane rukuni na bukatar nasa adadin.

Kada ƙarancin mutanen ya ruɗe ka ka ɗauka aikin kaɗan ne. Hirar awa ɗaya takan ci awa huɗu zuwa shida wajen rubutawa kalma da kalma, kuma idan da Hausa aka yi, ga fassara tana jira. Manhajojin da ke mayar da murya rubutu ba su kai a dogara da su ba a kan Hausar kasuwa, da hayaniyar janareta da shigowar masu ciniki. Bayan nan sai ka karanta rubutun sau da yawa, ka yi wa kowane yanki alama, ka tattara alamomin su zama jigogi. Matakai shida da Braun da Clarke suka shimfiɗa a 2006 su ne mafi sauƙin bi da karewa. Manhajar NVivo na taimakawa wajen tsara aikin, amma ba ta yin tunanin. Da hira goma sha biyar, Word da Excel ma sun isa.

Wane ne kai yana shafar abin da za ka samu, fiye da a sauran hanyoyin biyu. Ɗaliba za ta shiga gidajen da matan aure ke sana'ar turaren wuta, ɗinki, ƙuli-ƙuli da adashe, inda ɗalibi namiji zai tsaya a zaure. Wannan fage ne mai faɗi da ba a rubuta shi sosai ba, kuma ina mamakin yadda ɗalibai mata ke barinsa su tafi neman rahoton bankuna. Ɗan gidan 'yan kasuwa kuma zai samu ƙofa a buɗe, sai dai za a riƙa ce masa "ai ka sani", a tsallake ainihin abin da ya zo ji. Manya sukan ƙi rikoda. Idan Alhaji ya ce a kashe, a kashe, a rubuta da hannu, a cike gibin da zarar an fito. Kuma alƙawarin ɓoye suna ya wuce sauya suna kawai: idan ka rubuta "wani babban dilan atamfa mai shaguna a layi kaza", duk Kwari ta san shi.

Haɗarinta na gaske yana cikin sashe. Yawancin malaman kasuwanci a jami'o'inmu da lissafi aka horar da su, da dama sun yi digiri na uku a Malesiya da tallafin asusun manyan makarantu na TETFund suka dawo da ƙwarewa a manhajar lissafi ta SmartPLS. Idan ka tsaya gaban kwamiti da hira goma sha takwas, akwai yiwuwar wani ya tambaye ka ina hasashenka, ina gwajinka, kuma ta yaya mutum goma sha takwas za su wakilci Kano. Amsar ita ce ba wakilci kake nema ba, bayanin yadda abu ke aiki kake nema, amma wannan amsa tana bukatar malami a ɗakin da zai mara maka baya. Idan mai duba aikinka bai taɓa duba kundin hira ba kuma babu mai yi a sashen, ka yi tunani sau biyu, komai kyawun tambayarka.

Haɗa biyu fa?

A takarda yana da daɗin ji: ka yi hira ka gano abubuwan, sannan ka raba takarda ka auna su. A digiri na uku haka ya kamata. A digiri na biyu, aiki biyu ne a lokacin aiki ɗaya, kuma abin da aka fi gani shi ne cikakken binciken takarda da aka liƙa wa hira uku a ƙarshe don ado. In dai za ka yi, ka yi 'yan hirarraki tun farko don gyara tambayoyinka, ka kuma kira su da sunansu na share fage.

Manhaja da wanda zai danna ta

SPSS ya wadatar ga yawancin aikin takardar tambayoyi. SmartPLS yana da amfani idan kana da abubuwa da yawa masu shiga tsakani, amma sigarsa ta ɗalibai ta kyauta ba ta karɓar fiye da layi 100, wato amsoshin mutum 100, don haka ka tanadi kuɗin lasisi na watan da za ka yi lissafi. Stata da EViews su ne na alƙaluman kamfanoni da na tattalin arziki. R da jamovi da JASP kyauta ne, biyun ƙarshe ma da danne-danne ake aiki da su kamar SPSS. Masu yi wa ɗalibai lissafi a biya su suna nan a bakin kowace jami'a. Neman wanda zai koya maka ba aibi ba ne. Miƙa masa babi na huɗu gaba ɗaya shi ne ke kai mutum ga tsayawa shiru idan aka nuna lamba ɗaya a tebur aka ce ya yi bayani.

To wa ya kamata ya bi wace?

Mai MSc a akanta ko harkar kuɗi, musamman mai niyyar wucewa digiri na uku, ya bi alƙaluman kamfanoni, ya kuma ɗauki wahalar karanta rahotannin da kansa. Abin da zai bambanta shi da na gabansa shi ne ya gina aikin a kan ɗaya daga cikin sauye-sauyen nan, kamar 2018 ko 2023, ya tambayi me ya canja kafin da bayan, maimakon ya bi ta kansu kamar ba su faru ba. Mai nazarin ma'aikata ko tallace-tallace wanda ke da jama'a masu jeri, kamar ma'aikatan wata hukuma ko kwastomomin da ke da rajista, takardar tambayoyi ta dace da shi sarai. Wanda tambayarsa ke cikin kasuwa, kuma ya samu malami ko da ɗaya ne da ya yarda da hira, shi ne ke da damar rubuta abin da ba a taɓa rubutawa ba, in ya amince zai fi abokan ajinsa daɗewa. Kafin ka miƙa take, ka shiga ɗakin karatu na sashe ka ɗauko kundi uku na baya-bayan nan da malaminka ya duba. Za su gaya maka abin da yake karɓa fiye da yadda zai gaya maka da baki.

Mai MBA lamarinsa daban ne. Aikinsa ya fi gajarta, kuma a jami'o'i da yawa digirin ba ya kai mutum digiri na uku kai tsaye, saboda haka babu dalilin wahalar da kai da ƙirar lissafi mai hawa uku. Mafi amfani gare shi shi ne ya ɗauki matsala ɗaya ta wurin aikinsa, kamar dalilin da ya sa kwastomomi ke barin reshe ko kaya ke kwana a sito, ya haɗa bayanan cikin gida da hira da waɗanda abin ya shafa. Sai dai kasancewarka ma'aikaci bai ba ka ikon kwasar bayanan ba. Ka nemi izini a rubuce daga shugabanninka kafin ka fara, ka cire sunaye da lambobin asusu da na waya, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanka kamar yadda ta hau kan kamfanin. Idan kuma waɗanda za ka yi hira da su a ƙarƙashinka suke aiki, ka sa wani ya yi hirar a madadinka.